Binciken Ɗalibai a Intanet Bisa Jagorancin Malami



Wannan lacca za ta yi bayani ne a kan wata hanyar koyarwa da ta samo asali daga ƙasar Amurka, wadda ake kira WebQuest, watau aikin bincike da malami yake shata wa iyaka, ɗalibai kuwa su gudanar da shi a intanet. Abin da ake so a tabbatar shi ne, amfanin wannan hanya ya rataya ne kacokan a kan irin tambayar da malami ya ɗora wa yara.

A cikin shekarar 1995 ne Bernie Dodge, malami a Jami'ar Jihar San Diego da ke Kalifoniya, ya ƙago wannan hanya tare da abokin aikinsa Tom March. A lokacin nan makarantun Amurka sun soma samun intanet, amma in an saki yara su yi nema da kansu, sai lokacin darasi ya ƙare suna ta yawo daga wannan shafi zuwa wancan, ba su tsinana kome ba. Shawarar Dodge ita ce malami ya ɗauke musu wahalar nema, ya zaɓo shafukan tun kafin darasi, domin lokacin yara ya tafi wajen auna abin da suka karanta.

Bisa ga tsarin da aka saba, aikin yana da gaɓoɓi 6. Da fari akwai gabatarwa, wadda ke jawo hankalin yaro ga matsalar. Sa'an nan aikin da ake so a yi, da matakan yinsa, da jerin shafukan da za a duba, da ma'aunin da za a bi wajen ba da maki, kana jawabin kammalawa. Dodge ya kasa shi gida biyu: gajere, wanda ke cin darasi 1 zuwa 3, da dogo, wanda ke cin mako guda har zuwa wata.

Wani aiki da March ya shirya game da ƙasar Sin ya isa misali. An tambayi ɗalibai irin manufar da ta kamata Amurka ta bi wajen hulɗa da Sin. Aka raba su, wannan ya tsaya a matsayin ɗan kasuwa mai zuba jari, wancan mai kare haƙƙin ɗan Adam, wani mai kare muhalli, wani kuwa ɗan majalisar dattawa. Kowa ya karanta hujjojin ɓangarensa, daga bisani suka haɗu don su fitar da matsaya guda. Babu shafin da ke ɗauke da amsar, saboda haka babu abin kwafewa. Dole yaro ya saurari wanda ya saɓa masa, ya kawo dalili, ya san inda zai sassauta.

Amma fa hanyar tana da nata rauni. Da yawa daga cikin ayyukan da aka laƙaba wa wannan suna tambayoyin cike gurbi ne kurum, yaro ya buɗe shafi ya kwaso suna ko shekara. Har ila yau shafuka kan mutu, aikin da aka shirya bara ya zama kango bana in ba a sabunta shi ba. Mafi girman rauni kuwa shi ne, yaron da kullum ake tace masa ruwa ba zai koyi gane gurɓatacce ba. A shekarar 2016 masu bincike na Jami'ar Stanford, ƙarƙashin Sam Wineburg, sun jarraba ɗalibai sama da 7,000, suka tarar fiye da kashi 80 cikin ɗari na 'yan ƙananan sakandare sun ɗauki tallar da aka biya kuɗinta a matsayin labari na gaskiya. Don haka wajibi ne malami ya riƙa janye hannunsa sannu a hankali: yau ya zaɓo shafuka duka, gobe ya cusa guda mai rauni ya ce a gano shi, jibi ya bar yara su kawo nasu tare da hujjar amincewa da su.

Daɗin daɗawa, tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen shekarar 2022, na'ura tana iya rubuta amsar tambayar cike gurbi cikin ƙiftawar ido. Aikin da ya saura da ƙima shi ne wanda yaro zai tsaya gaban 'yan ajinsu ya kare hukuncin da ya yanke, ya nuna inda ya samo kowace hujja.

Nauyin dai ya komo kan jami'o'i da kwalejojin horon malamai. Sayen kwamfuta abu ne na kuɗi, amma iya tsara tambayar da za ta tilasta wa yaro tunani sai da horo da gwaji. Malamin da ya fita bai iya wannan ba, ko an cika masa aji da na'urori, kwafe ɗalibansa za su koya.