Yaran Fegge da Turancin Jarrabawa



Yaron Bahaushe da ya tashi a Fegge ta Anacha yana jin Hausa a gida, Ibo a kasuwa, Buroka a bakin titi. Baki ya buɗe, babu shakka. Amma ranar jarrabawar WAEC ba baki ake tambaya ba. Za a ajiye masa dogon rubutu a ce ya karanta, ya amsa, ya taƙaita da nasa kalmomin. A nan Buroka ke yaudarar yara: suna ganin sun iya Turanci, alhali na takarda daban ne. Kuma babu kiredit a Turanci, babu jami'a. JAMB ma ta wajabta shi.

Ba a nan kaɗai ba ne. A ƙasar Sin ma, harshen waje, galibi Turanci, na ɗaukar maki 150 cikin 750 a jarrabawar shiga jami'a a yawancin larduna. Ɗalibansu ba sa jin sa a titi, karatu kawai suke dogara da shi.

Don haka iyaye 'yan kasuwa, a saya wa yaro ƙamus da littafin labari. Ya karanta shafi guda bayan Islamiyya, ya faɗa muku ma'anarsa da Hausa.