Waƙoƙin da Michael Jackson ya bari a ajiye



Ko wanda bai jin Turanci, in aka saki kiɗan Billie Jean sai ƙafarsa ta motsa. Tana cikin kundin Thriller na 1982, tare da Beat It, kundin da har yau ba a samu wanda ya kai shi ciniki a duniya ba. Michael Jackson ya shahara da tsantseni: yakan ɗauki waƙoƙi da yawa, ya tace, ya fitar da kaɗan, sauran ya ajiye.

Da ya rasu a Los Angeles ranar 25 ga Yuni, 2009, sai hankali ya koma kan ajiyar. A 2010 kamfanin Sony ya fitar da kundin Michael, nan take rigima ta tashi. Wasu daga danginsa da masoyansa suka ce muryar da ke waƙoƙi uku, ciki har da Breaking News, ba tasa ba ce. Har kotu aka je. A 2022 aka cire ukun daga manhajojin sauraro, ba tare da kamfanin ya amsa cewa jabu ne ba.

Kundin Xscape na 2014 ya fi mutunci, don aƙalla an haɗa da ainihin ɗaukar farko. Love Never Felt So Good, wadda ya ɗauka da Paul Anka a 1983, ta yi daɗi, gaskiya. Amma ni dai sanya muryar Justin Timberlake a kanta bai kwanta mini ba. Mai waƙar ba ya nan balle a tambaye shi.