Zafi a Ramin Haƙar Ma'adinai

Maganarmu ta yau da ku ce, masu haƙar zinariya da kuza da sauran ma'adinai, ko kuna Zamfara, ko Jos, ko hamadar Agadas.

Ku sani, ƙasa tana ƙara zafi gwargwadon zurfinta. A Afirka ta Kudu akwai ramin zinariya mai suna Mponeng, zurfinsa ya kusa kilomita 4. Dutsen ƙasansa yakan kai digiri 60, har sai an tura ƙanƙara ciki kafin mutum ya iya aiki. Ramukanku ba su kai haka ba, amma rashin iska da laima su ma suna kisa.

To, yaya jiki yake sanyaya kansa? Ku dubi randa. Ruwan da ke tsattsafowa a bayanta, in iska ta busar da shi, shi ne ke sanyaya na ciki. Haka zufa take ga mutum. A rami mai laima kuwa zufa ba ta bushewa, zuba kawai take yi. Mutum yakan zubar da lita guda ko fiye cikin awa ɗaya, jiki bai huce ba.

Alamun farko su ne ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da ɗaurewar jijiya a ƙafa ko ciki. Wanda ya ji haka ya fito nan da nan, ya kwanta a inuwa. A dama masa cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ya riƙa kurɓa.

Amma in kuka ga ɗan'uwanku ya rikice, yana sambatu ko tangaɗi, ko ya suma, to, zafin jikinsa ya tashi daga digiri 37 ya haura 40. Kada ku tsaya neman mai tofi. Ku fito da shi, ku tuɓe masa riga, ku yi ta kwara masa ruwan sanyi kuna fifita shi, sa'an nan a garzaya asibiti ana ci gaba da jiƙa shi. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki, zai shaƙe.

Ga rigakafi. Ku sha kofi guda na ruwa kowane minti 20, ko ba ku ji ƙishi ba. Ku duba fitsarinku: in ya yi ja kuma kaɗan, ruwa ya gaza, kuma yawan haka yakan lalata ƙoda. Ku guji giya da ƙwayoyin ƙara ƙarfi irin su tiramadol, domin sukan ɓoye gajiyar da ke yi muku gargaɗi. Mai zazzaɓi ko gudawa kada ya sauka rami.

Ku kuma masu rami, sabon lebura yana bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin jikinsa ya saba. Ku fara masa da kaɗan, ku ƙara kowace rana. Wanda ya dawo daga ganin gida, shi ma haka. Ku buɗe ƙofar iska, ku ajiye randa a bakin rami, ku sa aiki mai nauyi da sanyin safiya, kada kuma kowa ya sauka shi kaɗai.

Zinariya ta daɗe a ƙasa, za ta jira ku ku huta. Lafiya uwar jiki.