Haƙurin Mai Jinyar Hannu

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai saukar da cuta da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu saurare, a wannan dare na azumi za mu yi magana kan wanda Allah Ya jarrabe shi a hannunsa: telan da ya faɗo daga kabu-kabu, matar da injin niƙa ya kama wa yatsu, manomin da damina ta sauka hannunsa na rataye a wuya. Rauni a rana guda yake samuwa, jinyarsa kuwa ta watanni ce, kuma sau da yawa zuciya ce ke riga hannu gajiya.

Mu fara da sanin cewa Allah Ya sanya wa waraka lokaci. Ƙashi kan ɗauki kamar mako 6 kafin ya haɗe. Jijiyar da ke lanƙwasa yatsa, in an ɗinke ta, tana bukatar kusan wata 3. Wadda ke kai ji ga yatsu kuwa, kamar milimita 1 take tofowa a yini. Saboda haka wanda ya wayi gari yatsansa bai motsa ba, kada ya yanke ƙauna. Ya lizimci motsa yatsun da likita ya koya masa, domin hannun da aka bari ba motsi yakan sandare. Neman magani ba ya warware tawakkali.

Mu dubi Ɗalhatu ɗan Ubaidullahi, Allah Ya yarda da shi. Ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, ya kare Manzon Allah da hannunsa har hannun ya shanye. Ya rayu fiye da shekara 30 bayan haka, yana kasuwanci, yana kyauta, kuma yana cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna.

Shaiɗan kan raya wa majinyaci cewa ibadarsa ta tauye. Ƙarya yake yi. Malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa wanda ruwa zai cutar da rauninsa ya yi shafa bisa ɗaurin, alwalarsa ta inganta. Wanda hannun damarsa ya kasa, ya ci da hagu, ba laifi. Wanda azumi zai jinkirta warkewarsa, ya sha, ya rama daga baya. Kuma ya tabbata cikin Bukhari cewa ana rubuta wa maras lafiya ladan aikin da ya saba yi yana lafiya.

Sai ya sake raya masa cewa ya zama kaya ga iyalinsa. Nan aikin ya dawo kanmu. Mu je gaishe shi bayan mako na fari, lokacin da ƙafafu suka ɗauke. Mu aika masa abin buɗa baki ba tare da ya roƙa ba. Abokan sana'a su riƙe masa shagonsa. In mun ga ya daina barci, ya daina cin abinci, ko yana fatan mutuwa, mu zauna da shi, mu raka shi wurin likita, domin ciwon zuciya ma ciwo ne mai magani.

Ya Allah, Wanda Ya yaye wa Annabi Ayyuba cutarsa, Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, Ka sanya jinyarsu ta zama kaffara, Ka karɓi azuminmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.