Cigiya amana ce: a san mu kafin mu miƙa hannu

Jawabin mai kula da kwamitin cigiyar yara a taron tunawa da kafuwar ƙungiyarmu

  

An ce in yi muku bayani kan yadda za mu sanar da jama'a aikin wannan kwamiti, da yadda za mu samo masa kuɗi. A wajena duka biyun magana guda ce: mutum ba ya ba da kuɗinsa ga wanda bai sani ba, uwa kuma ba ta kai kukanta wurin wanda ba ta amince da shi ba.

Ƴan uwa, wanda ɗansa ya rasu ana zuwa a yi masa gaisuwa, ya yi haƙuri. Wanda ɗansa ya ɓace fa? Ba gaisuwa, ba barci. Ku tuna Annabi Yaƙub, alaihis salam, yadda baƙin cikin rabuwa da Yusuf ya tafi da ganinsa. Malamanmu na Malikiyya sun karantar da mu cewa ɗaukar yaron da aka tsinta yashe farali ne na kifaya: in wasu suka yi, an ɗauke wa saura, in kowa ya kau da kai, laifin ya hau kan kowa.

Kun san yadda yara ke ɓacewa a wajenmu. Wani a cunkoson ranar kasuwa, wani a filin idi, wani a tasha. Wani almajiri ne da aka kawo daga ƙauye, bai san ko sunan unguwar malaminsu ba. Wasu kuma ɗaukarsu ake yi a tafi bara da su ƙasar waje. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, kan hanyar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara ne, kuma da yawansu daga yankin Kance suka taso. A 2022 sai da gwamnati ta yi jigilar iyalai masu bara, mata da yara, daga Dakar zuwa gida. Kenan ba labarin wata ƙasa muke yi ba.

Abu na farko: a san mu kafin ranar kuka. Ranar da yaro ya ɓace, uwarsa ba ta da lokacin tambayar su wane ne mu. Saboda haka tun yanzu ku raba kanku, ku je ku gaida limamai da masu unguwanni, ku zauna da ƴan kamasho a tasha, da ƴan kabu-kabu, da malaman makarantun allo, da mata a islamiyya. Ku da ke zaman fada, ku yi maganar a bakin shayi. Lambar waya guda za mu riƙa bayarwa, kuma dole a ɗaga ta ko da tsakar dare ne. Ku yi abota da gidajen rediyo, don tun kafin salula su ne ke yin cigiya, kuma har yau a ƙauye su ake ji. Amma ku faɗa wa mutane gaskiya: mu ba hukuma ba ne. A fara sanar da ƴan sanda ko jandarmomi. In abin ya tsallaka iyaka, ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge tana da aikin sada iyalan da suka rabu.

Abu na biyu, bari in tona asirin kaina. Farkon fara aikinmu, na baza hoton wani yaro a WhatsApp, na sa lambata. Allah Ya taimake mu, bayan kwana biyu aka same shi. Na yi murna, na manta da hoton. Ashe yana can yana yawo. Wata da watanni sai ga shi ya dawo mini, wani ya goge lambata ya sa tasa, ya rubuta wai a aiko da taimakon neman yaron. Da mahaifin ya zo ya same ni bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi: "Ɗana ya dawo gida, kai kuma ka bar shi a titi." Wallahi har yau maganar tana cina.

Daga ranar muka kafa doka. Ba a sa hoto sai da iznin iyaye. Kowace sanarwa da kwanan wata a jikinta. In an ga yaro, a sanar an gan shi a duk inda aka yi cigiyarsa. In mu muka tsinci yaro, ba ma faɗin dukkan alamominsa, muna rage wasu don mu gwada mai cewa nasa ne, kuma ba ma miƙa shi sai a gaban mai unguwa ko hukuma. Kada ku rubuta "an sace yaro" alhali ba ku gani ba, don irin wannan kalma tana iya sa a far wa baƙon da bai ji ba bai gani ba. Sannan ba ma neman kuɗi da hawayen yaro. Mu da ke yaƙi da masu bara da yara, ba za mu koma muna bara da hotonsu ba.

Abu na uku, kuɗin kansu. Me muke kashewa? Man babur, katin waya, kuɗin sanarwa, abincin yaro da kuɗin motar mayar da shi gida tare da ɗan rakiya. Ku faɗa wa mai bayarwa haka dalla-dalla. Kada ku zauna jiran Alhaji guda ya ɗauki nauyinmu, don ranar da ya gaji aikin ya mutu. In mutum 200 suka riƙa ba da dala 20 kowane wata, jika 20 ke nan, ba mu roƙi kowa abin da ya fi ƙarfinsa ba. Da yayyafi kogi kan cika. Bayan haka sai a nemi ƴan kasuwa, musamman cikin azumi. Wanda ba ya da kuɗi ya ba da buhun hatsi lokacin kaka, ko kujera guda a motarsa.

Kuɗi ba sa kwana a aljihun mutum guda. Mutum biyu ke ƙirgawa, ana ba da rasit ko na dala 5 ne, ana rubutawa a kaye. Asusun zakka daban, na sadaka daban, don zakka tana da mutanen da aka ƙayyade mata, kuma malamai za su nuna mana. Ƙarshen kowane wata a liƙa lissafi a ƙofar masallaci: ga abin da ya shigo, ga abin da ya fita, ga yaran da suka koma gida, ba tare da sunayensu ba. Wannan takarda ta fi kowace talla. Kuma ku koma ku yi godiya, har ga tsohuwar da ta kwance bakin zanenta ta ba ku.

Ƙannena, kafin ku fita yau, kowa ya rubuta sunansa da unguwarsa wurin magatakarda, ya ɗauki masallaci guda ko tasha guda da zai je cikin wannan mako. In kun koma gida kuma, ku koya wa ƙannenku sunan mahaifinsu, sunan unguwarsu da lambar waya guda.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya mayar wa kowace uwa da ɗanta, Ya ba mu ikon riƙe amana. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.