Romon Ƙashi: Amfaninsa Da Yadda Ake Dafa Shi

Wannan jawabi ne da aka shirya domin a karanta wa ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci na maza da mata a ƙasar Tambuwal da Kebbe.



Allah ya albarkaci ƙasar nan da dabbobi. Daga Tambuwal zuwa Dogon Daji, daga Jabo zuwa Kebbe da Kuchi, ana kiwon shanu da tumaki da jar akuyar Sakkwato. Amma tsoka ta yi tsada. Ba kowane magidanci ke iya sayenta kullum ba. Ƙashi kuwa yana da araha a wurin mahauta. Idan uwargida ta iya sarrafa shi, gida zai amfana.

Mene ne amfanin romo?

Idan aka daɗe ana dafa ƙashi, ɓargo da guringuntsi da jijiyoyi suna narkewa a cikin ruwan. Wannan ruwa shi ne romo. Yana ba jiki ruwa da gishiri da maiƙo, da ɗan abin gina jiki. Yana da sauƙin haɗiya ga tsoho marar haƙora. Yana buɗe bakin wanda zazzaɓi ya hana shi cin abinci. Yana ɗumama jiki a lokacin hunturu. Mai jego ma tana jin daɗinsa.

Amma akwai kuskuren da ake yi a gidaje da yawa. Maigida ya cinye nama, a zuba wa yaro romo zalla a kan tuwo, a ce ai ƙarfin naman yana cikin romon. Ba haka ba ne. Yawancin abin gina jiki yana cikin tsokar. Sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi ma kaɗan ne ke fita cikin ruwan. Yaron da ya dogara da romo da tuwo kawai yana iya kamuwa da tamowa. Sai a ga ya rame, gashinsa ya yi ja, ƙafafunsa sun kumbura. Saboda haka romo mataimaki ne. Sai an haɗa shi da nama ko wake, da ganye.

Yadda ake dafa shi

1. A sayi ƙashi daga dabbar da aka yanka tana da lafiya. A guji naman dabbar da ta faɗi ba a san ciwonta ba, ko da an ba da shi kyauta.
2. A roƙi mahauci ya fasa ƙashin domin ɓargo ya fito. Ƙafa da wutsiya da gaɓoɓi sun fi ba da romo mai kauri.
3. A wanke hannu da sabulu. A wanke ƙashi da ruwa mai tsabta.
4. A sa a tukunya, a zuba ruwa har ya rufe shi. Idan ya tafasa a kwashe kumfar.
5. A sa albasa da tafarnuwa da citta da daddawa. Gishiri kaɗan ya isa.
6. A rage wuta, a rufe tukunya, a bar shi a kan garwashi awa 3 zuwa 4.
7. A tace da rariya domin kada guntun ƙashi ya maƙale wa yaro.
8. A ɓanɓare naman jikin ƙashin, a daka shi, a mayar cikin romon. A ƙara dafaffen wake ko kabewa ko zogale. Da shi kuma ana iya kaɗa miyar kuka ko ta kuɓewa.

Abubuwan kiyayewa

Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi. Kada a ba shi romo. Bayan wata 6 sai a fara ba shi tare da dakakken nama, ba yaji, ana ci gaba da shayarwa.

Kada a cika kanwa domin ƙashi ya yi saurin laushi. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura cewa yawan kanwa yana da hannu a ciwon zuciya da kumburin da ke kama masu jego. Mai hawan jini shi ma ya rage gishiri da maiƙo.

Romo yana saurin lalacewa a ƙasarmu mai zafi. A sha shi da ɗuminsa. Wanda ya rage a rufe shi, a sake tafasa shi sosai kafin a sha. Idan ya canza wari a zubar.

Idan yaro yana gudawa, a ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti, a kai shi wurin ma'aikacin lafiya. Romo ba zai maye gurbin magani ba.

A ƙarshe, ana kira ga magidanta su riƙa tunawa da yara da masu ciki idan ana rabon nama. Su ne suka fi kowa bukatarsa. Wanda ya karanta wannan jawabi ya karanta wa maƙwabcinsa. Lafiya uwar jiki. Allah ya ba mu lafiya da wadata, amin.