Kafin a Sauya Hitar Ruwa

Idan hunturu ya kama, a gidaje da dama a lokacin ne ake gano cewa hitar banɗaki ta daina aiki. Kafin maigida ya nufi kasuwa, ya fara kiran mai gyara. Sau da yawa ƙarfen da ke dumama ruwan ne ya ƙone, musamman inda ake amfani da ruwan burtsatse: za ka ga an zaro shi ya yi farin ɓawo kamar gindin tsohuwar buta. Wannan sauya shi kawai ake yi, da kuɗi kaɗan. Amma idan tankin ya yi tsatsa yana yoyo, to sai sabo.

Kuɗin saye ba shi ne ƙarshen lissafi ba. Dumama lita 50 daga digiri 20 zuwa 60 yana cin fiye da yunit biyu na wuta. A Afrilun 2024, da aka ƙara wa masu amfani da lantarki 'yan rukunin A kuɗin wuta a Najeriya, yunit ɗaya ya haura naira 200 a wurinsu. Ke nan gidan mutum uku da ya sayi tankin lita 100 yana biyan kuɗin ruwan da zai huce a banza. Mai hali ya duba hitar rana. Tana da tsada da farko, sai dai ba ta taɓa mita.

Abin da ya fi damuna shi ne haɗawa. Ruwa da wuta a ɗaki ɗaya, mutum kuma ba takalmi! Don Allah a nemi ƙwararre, a tabbatar ya sa wayar da ke kai wuta ƙasa da bawul ɗin rage matsi, ko da kuɗin aikinsa ya fi na wani.